Na Raka 'Yata Neman Dangin Ƙwaro Har Duwatsun Riruwai

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna a ƙofar shagona a Ƙafin Maiyaki, inda nake sayar da iri da takin zamani, kafin in auna wa mutum irin masara sai ya ce, "Malam Bala, wai da gaske ne ƙwaro kuka tafi kamawa?" A majalisarmu ta bayan la'asar kuwa har an naɗa ni Sarkin Ƙwari. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ƙara nasa gishirin, shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Hajara ce ta ja ni. Ita ce 'yata ta uku, tana aure a Kano, tana kuma karatun digiri na uku a jami'a. Wata Juma'a a ƙarshen damina ta zo gida da 'ya'yanta, bayan an gaisa an ci abinci ta durƙusa gabana ta ce, "Baba, alfarma na zo nema. Zan shiga daji aikin bincike, maigidana kuma an hana shi hutu a asibiti. Ya ce in kai za ka raka ni ya yarda."

Na ce, "Wane daji?"

Ta ce, "Daga Tiga har bayan Doguwa."

"Me za ki nemo?"

Ta ɗan sunkuyar da kai tana murmushi ta ce, "Namijin wani ƙwaro."

Mahaifiyarta da ke tsince shinkafa ta yi dariya har ta zubar da tsakuwar da ta tara cikin tsintacciyar.

Ƙwaron nan kun san shi, ba ku dai san kun san shi ba. Wanda ya taɓa kwana kusa da rafi ya gan shi yana taruwa a jikin fitila. Ba shinge ba ne, wato garar nan mai fiffike. Siriri ne, fukafukansa a tsaye suke bisa bayansa, ba ya iya kwantar da su, yana kuma da jela biyu ko uku dogaye kamar zare. Na tambaya ko'ina muka je ban sami sunansa na Hausa da kowa ya yarda da shi ba, don haka muka riƙa ce masa mai-jela. Hajara ta ce yawancin rayuwarsa a ruwa yake yi, yana ƙarami ba fiffike, ƙarƙashin duwatsu ko cikin laka. In ya fito ya yi fiffike ko bakin cin abinci ba shi da shi. Ya yi aure, mace ta zuba ƙwai a ruwa, shi ke nan. Aikinta shi ne ta gano wane ne ɗan gidan wane a cikinsu, wa ya haɗa kaka da wa.

Matsalarta kuwa, tun tana digiri na biyu ta kamo wasu ƙanana a wani rafi a Doguwa waɗanda suka ƙi shiga kowane gida. A wani wuri sun yi kama da wannan dangi, a wani wuri sun yi kama da wancan. Masana na da kuwa da siffar baligin namiji suka fi rarrabe su. Dole sai ta samo ƙaramin da rai, ta rene shi har ya fito da fiffike a gabanta, ta yadda ba mai cewa wannan babban ba shi ne wancan ƙaramin ba. In rafin ya ja baya ba ta samu ba, sai wata damina, wa'adin karatunta kuma ya kusa cika.

Na bar shago a hannun ƙanena, muka ɗauki Ɗanlami maƙwabcina da tsohuwar motarsa. Ɗanlami mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, bakinsa ba ya rufuwa. Da ya ga kayan Hajara, raga da farin faranti da hantsaki da kofunan roba da ƙananan kwalabe cike da sifirit da dogayen takalman roba, sai ya ce, "Hajiya, kyamis za mu buɗe ko kamun kifi?"

Zangonmu na farko Tiga ne, a ƙasar Bebeji. Na sha zuwa Tiga sayen kifi, amma ban taɓa kwana cikin masunta ba. Wani dattijo mai suna Malam Ila ya sauke mu. Gaisuwarsu ma daban ce. Mu a Kiru ka tambayi mutum gona da ruwan sama, su kuwa "ya ruwa, ya iska" ne. Da Hajara ta nemi ya nuna mata tsohon kwalekwale da aka daina aiki da shi, sai ya kai mu wani da ke jiƙe a bakin ruwa, ya sa wuƙa ya ɓantaro katakon. Ciki duk ramuka, ga wata farar halitta mai manyan haƙora biyu tana mutsu-mutsu.

Ya ce, "Ga maƙiyinmu nan. Ita ke cinye mana jirage."

Hajara ta yi tsalle kamar an ba ta kujerar Makka. Ta ce wannan ma ƙaramin mai-jela ne, ɗan gidan masu haƙa, sunansa a littafi Povilla. Malam Ila ya ce shi bai taɓa haɗa wannan tsutsar da fararen ƙwarin da ke taso musu ba, ya dai san in wata ya cika ya ɗan wuce suke tasowa, kifi kuma ya haukace a kansu. Ta ce haka ma aka rubuta, shi ya sa ta zaɓi ranar.

Bayan magariba ta shimfiɗa farin zanen gado tsakanin sanduna biyu, ta kunna fitila daga batirin mota. Jama'a, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kamar an buɗe buhun auduga a iska. Suka rufe zanen, suka rufe hulata, suka shiga wuyan rigata. Ɗanlami ya buɗe baki zai ce "Ikon Allah," bai kai ƙarshe ba guda biyu suka shige. Ya yi ta kaki yana tofarwa yana tambaya ko suna da dafi. Malam Ila ya ce, "In da suna da dafi da ba sauran kifi a Tiga." Ranar muka sami salama daga Ɗanlami har muka ci tuwo.

Muna cin tuwon da miyar ɗanyen kifi Hajara ta gaya mana abin da ya tsaya mini a rai. Ta ce wannan mai cin kwalekwale, wasu danginsa suna ƙasashen Asiya, wasu na kusa da shi kuma suna can Kudancin Amurka. Na ce ƙwaron da ba ya kwana biyu da fiffike, ya aka yi ya tsallake teku? Ta ce masu binciken ƙasa sun tabbatar cewa a zamanin da ba a iya ƙirgawa ƙasarmu da waccan a manne suke, daga baya suka tsage teku ta shiga tsakani. Abin da aka fi zato shi ne kakansu ɗaya ne tun ana haɗe, tsagewar ta raba zuriyar. Malam Ila ya ajiye loma ya ce, "To su ma can suna cin jirage?" Ta ce itacen cikin ruwa suke haƙa su ma. Ya gyaɗa kai ya ce, "Lallai 'yan gida ɗaya ne."

Da safe kifi aka sake kawo mana, soyayye, da shayi. Ni da na saba koko da ƙosai na ci ina jin kamar na yi wa safiya rashin kunya.

Daga nan muka biyo ta ƙasarmu, muka tsaya a wani rafi wajen Ɗansoshiya don in koyi aikin. Ga yadda ake yi. Mutum ɗaya ya riƙe raga a ƙasan ruwa, ɗaya ya tsaya sama da shi ya riƙa tuttura duwatsu da ƙafa, abin da ya saki dutse ruwa ya koro shi cikin ragar. Ni aka ba tutturawa. Na naɗe wando, na sa takalmin roba, na shiga da ƙarfina. Ban san dutsen rafi yana da santsi kamar an shafa masa kuɓewa ba. Ƙafa ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi yamma, na zauna daram cikin ruwa da babbar rigata. Wasu manoma da ke yankan gero a gefe, waɗanda duk suna sayen taki a shagona, suka taso suna "Sannu Malam, sannu Malam," amma kafaɗunsu na rawa. Daga nan labarin ya riga ni isowa gida, in kuna neman wanda ya fara yaɗa shi.

Amma faɗuwar ta yi amfani, don na tayar da duwatsu da yawa. Hajara ta juye ragar a farin faranti ta miƙo mini gilashin ƙara girma. Sai ga duniya guda. Ta nuna mini masu ninƙaya kamar 'yan kifi, ta ce gida guda ne. Ta nuna masu faɗi da ke lafewa jikin dutse, wani gidan ne. Ga wasu 'yan mitsi-mitsi masu rarrafe cikin laka. Kowanne da wasu 'yan ganyayyaki a gefen cikinsa yana kaɗawa, ta ce da su suke numfashi, siffarsu kuma na cikin abin da ake gane dangi da shi. Na ce ashe aikin mai sauƙi ne, masu kama da juna a haɗa su. Ta ce, "Nan ne wahalar, Baba. Wasu sun yi faɗi ne don dukansu a ruwa mai gudu suke zaune, ba don sun haɗa kaka ba." Na ce na gane, kamar yadda duk mai aikin injin niƙa fari yake fitowa da yamma, ba kuwa uwarsu ɗaya ba. Ta ce za ta ari wannan ta gaya wa ɗalibanta.

A Tudun Wada muka sauka gidan Alhaji Tanko, wanda muka yi firamare tare, yanzu dillalin shinkafa ne. Garin nan shinkafa ta ci shi. Ko'ina ka duba tukunyar turara ce ko shanya ko injin casa, har gefen kwalta. Mu a wajenmu tuwon shinkafa na ranar suna ne ko Sallah, su kuwa safe da dare. Da na tambayi ko akwai tuwon dawa, matarsa ta aiko a tambaye ni ko ba ni da lafiya ne.

Limamin unguwar ya zo gaishe mu, malami ne mai karantar da manya. Na ɗan ji fargaba kada ya ga aikin Hajara wasa ne da lokaci. Ta bayan labule ta gaishe shi, ya yi mata tambayoyi masu yawa. Ya ce a cikin ƙwari wa ya fi kusa da wannan mai-jela? Ta ce masana da yawa suna ganin mazarin nan ne da ke shawagi kan kududdufi, don shi ma ba ya iya naɗe fukafukansa a baya, kuma su biyun suna cikin mafi daɗewar masu fiffike a duniya, amma har yanzu ana gardama a kai. Ya ce, "Af, ashe ku ma kuna da saɓani tsakanin malamai." Ta ce sosai ma. Ya yi dariya ya ce to ilimi ne ke nan. Ya yi mata addu'a, ya ce duba halittar Ubangiji da natsuwa ba ɓata lokaci ba ne. Na kwanta ranar zuciyata fes.

Alhaji Tanko ya ce mu keta dajin Falgore da hantsi, kada mu yarda yamma ta same mu ciki. Haka muka yi. Ɗanlami ya yi shiru da kansa yana ta salati, sai da muka ga garken gwaggon biri zaune a gefen titi kamar masu jiran mota sannan bakinsa ya dawo. Ya ce babban cikinsu ya yi kama da wani kawunsa, na ce ya bari Hajara ta duba ko sun haɗa kaka.

Bayan Doguwa ƙasa ta sauya. Duwatsu suka taso, iska ta yi sanyi, masara ta fi tamu tsayi. Muka bi hanyar Riruwai, muka wuce tsofaffin ramukan haƙar kuza da ruwa ya cika. Inda mota ta gaza muka bar ta a gidan wani mai shayi, muka hau achaɓa uku da kayanmu. Nawa ɗan achaɓan da muka zo gangara sai ya ce, "Baba, riƙe ni da kyau, birkin baya ne kawai ke ja." Na riƙe shi riƙon da ban taɓa yi wa ɗan'adam ba.

Ƙauyen da muka nufa yana bakin iyaka. Mai unguwar, wani dogon mutum mai suna Malam Audu, ya gane Hajara tun zuwanta na farko, ya ce, "Mai duwatsu ta dawo!" Ya ba ta ɗaki wajen iyalinsa, ni da Ɗanlami muka kwana a zaure. Ya nuna mana rafin ya ce a wajensu nan ne iyaka, wannan gaɓar Kano ce, waccan kuma wata jiha. Ba shinge, ba jami'i, sai wani faffaɗan dutse da mata ke wanki a kai. Mutanen tsallaken suna da yarensu, amma suna jin Hausa, kasuwarsu ɗaya da na nan, suna ma auratayya. Abin da ya ba ni mamaki, matansu ke riƙe da fartanya a gona kafaɗa da kafaɗa da maza, su dawo kuma su yi girki. Wata tsohuwa daga can ta aiko mana da gwaten acca mai yakuwa da gauta. Na fara ci da ɗari-ɗari, na ƙare ina kankare kwano. Sanyi kuwa, a ƙarshen damina, sai da Malam Audu ya ara mini bargo.

A rafin nan Hajara ta sami mutanenta. Ƙanana ne, ba su kai ƙwayar shinkafa biyu ba, suna manne a duwatsun da ruwa ya fi dukansu. Ta zaɓi waɗanda wurin fiffikensu ya yi baƙi, ta ce su ne suka kusa fita. Ta sa kowanne a kofin roba da ta huda gefensa ta liƙa raga, ta rufe samansa da wata ragar, muka jera kofunan cikin ruwa muka tokare da duwatsu.

Washegari da safe muka tarar da wurin kamar an yi dambe. Shanu sun sauko shan ruwa sun tattake komai. Hajara ta tsaya tana kallon fasassun kofuna, na ga idonta ya cika. Matar mai shanun, wata Bafillatana da ake kira Inna Jebbu, ta zo da ƙwaryar kindirmo tana ba da haƙuri da Hausarta mai daɗi. Ta kuma ce in muna so ta nuna mana inda shanu ba sa iya sauka. Ta kai mu sama, wani lungu tsakanin manyan duwatsu. Muka sake tara wasu, muka sake jerawa da kofunan da suka rage da gwangwanayen madara da Ɗanlami ya huda da ƙusa.

Ƙwarin suka fara fitowa da fiffike, amma duk wanda Hajara ta duba sai ta ce, "Mace ce." Ta duba wani, mace. Ɗanlami ya ce ko mazan sun tafi ci-rani ne. Ta yi dariyar dole. Ga shi hadari ya fara haɗuwa kowace yamma, Malam Audu ya ce in aka yi ruwan sallama mai ƙarfi, rafin zai kwashe kofunan, hanyar achaɓa kuma za ta yanke.

Ran da muka yanke shawarar tafiya ko an samu ko ba a samu ba, da sassafe na riga ta isa lungun. A cikin wani gwangwanin madara na ga ɗaya manne a jikin raga, idanunsa sun kusa cinye kansa. Na tuna ta ce namiji manyan idanu gare shi. Na ƙwala mata kira yadda ban taɓa yi ba tun tana yarinya. Ta zo a guje da takalmi ɗaya, ta duba, ta ce, "Baba, shi ne! Wallahi shi ne!"

Na ce to alhamdu lillahi, a sa shi a kwalba mu tafi. Ta ce a'a, bai gama ba. Ta nuna mini fukafukansa, dusu-dusu kamar an shafa musu toka. Ta ce duk cikin ƙwarin duniya mai-jela ne kaɗai ke yin fiffike sannan ya sake yin saɓa. Sai ya tuɓe wannan rigar zai zama cikakken baligi, a nan ne alamun da take nema za su fito sosai. Zai iya ɗaukar yini guda ko fiye, kuma in zafi ya buge shi ko ya bushe, zai mutu cikin rigar.

Ta tsince fatar da ya bari a ruwa ta adana a kwalba. Shi kuma ta sa shi a kwalin sukari da ɗanyen ganye da jiƙaƙƙiyar auduga, ta rufe da raga. Ta ce hannuna ya fi nata rashin rawa. Haka na hau achaɓa mai birki ɗaya, hannu ɗaya riƙe da ɗan achaɓa, ɗaya rungume da kwali. A mota na ɗora shi a cinya, na lulluɓe da jiƙaƙƙen rawani, na hana Ɗanlami faɗawa rami, na hana shi taka birki da ƙarfi, har ya ce ko amarya ya ɗauko ba a yi masa haka ba.

A tsakiyar Falgore jami'an tsaro suka tsayar da mu a shinge. Aikinsu suke yi, dajin ba wurin wasa ba ne. Ɗaya ya buɗe but, ya ga kwalabe jere, ya buɗe guda ya shinshina, fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Baba, da furfurarka? Barasa ce wannan."

Na ce, "Ɗana, sifirit ne, na ajiye ƙwari. Duba ciki ka gani."

Ya ɗaga kwalbar ya ga ƙwaro na yawo a ciki, abin ya ƙara rikita shi. Hajara ta kawo katinta na makaranta da takardar izini, ya ce sai ogansu ya gani, ogan kuma ya ɗan zaga. Rana ta take, motar ta fara zama tanda. Na fito da kwalin na tsuguna a inuwar wata bishiya ina yi masa fifita da hulata. Jami'in ya biyo ni ya ce, "Wannan kuma me ke ciki? Buɗe."

Na ce, "Ka yi wa Allah ka leƙa ta raga. In na buɗe ya tashi, karatun yarinyar nan na shekara guda ya tashi."

Ya dube ni, ya dubi Hajara. Ya rataya bindigarsa a baya, ya tsuguna ya leƙa. Ya daɗe. Sai ya ce, "Baba, abin naka fa yana fashewa."

Muka yi karo da kai ni da Hajara wajen leƙawa. Bayan ƙwaron ya tsage. A hankali ya turo kansa waje, ya zaro ƙafafun gaba dogaye, sannan ya riƙa janye fukafukai daga cikin tsofaffin kamar mai cire hannu daga rigar da ta matse shi. Jami'in ya yafito abokan aikinsa. Ogan ya dawo ya tarar da mutanensa tsugune a gindin bishiya tare da wani tsoho, ya zo zai yi faɗa, shi ma ya tsuguna. Ba mai magana, har Ɗanlami. Jelar ce ta fito ƙarshe, ta yi ta fitowa kamar ba za ta ƙare ba. Sai ga shi tsaye kusa da tsohuwar rigarsa, fukafukai garau kamar gilashi, yana ƙyalli.

Ogan ya ce, "Allahu akbar." Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya duba takardun sama-sama ya ce mu tafi, Allah ya ba da sa'a. Jami'in farkon ya ce in an buga littafin binciken a sa cewa a shingensu aka haihu.

Da muka fita dajin Hajara ta sa aka tsaya, ta ɗauki hotonsa ta kowane gefe, sannan ta buɗe kwalba ta ɗauko hantsaki. Na ce, "Me za ki yi?"

Ta ce, "Zan sa shi a sifirit, Baba."

Na san haka za a yi tun farko, amma duk da haka sai da na tanka. Na ce, "Duk wannan reno?"

Ta ce a hankali, "Ko na sake shi ba zai kai jibi ba, ba shi da bakin ci. A nan kuwa zai daɗe ana karatu a kansa."

Na ce to ta bari in juya baya. Na juya ina kallon gonar wani, Ɗanlami yana ta yi mini ta'aziyya da gaske-gaske har da dafa kafaɗa.

Mun iso Ƙafin Maiyaki da la'asar, ruwan sallama ya sauko muna sauke kaya. Hajara ta kwana ta wuce Kano da 'ya'yanta.

Bayan 'yan makonni ta kira ni. Na ce, "To, sabo ne? Ba wanda ya taɓa ganinsa?" Ta ce a'a, an taɓa ganinsa. Tun da daɗewa wani ya kama baligin namijin a wata ƙasa maƙwabciya ya sa masa suna, amma ba wanda ya san ƙaraminsa, don haka aka ajiye shi a gidan da aka ga ya fi kama da shi. Yanzu da ta haɗa ƙarami da babba, ga alama ba gidansu ba ne, dangin nasa na wani wajen. Ta ce saura gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar, sauran masana kuma su duba su yarda ko su ƙi, amma malaminta ya ce babin ya tsaya da ƙafarsa. Na ɗan ji ba daɗi da ba sabo ba ne. Ta ce, "Baba, wanda ya daɗe a gidan da ba nasu ba aka gano danginsa, ai ya fi sabo daɗi." Na ga gaskiyarta.

Sai ta ce in duba wayata ta turo hoto. Na sa tabarau na duba. Kwalbar ce, ga mutumina kwance a ciki, ga 'yar farar takarda an rubuta da fensir, sunan rafin da na ƙauyen. Ta ce a ƙa'idarsu dole a rubuta wanda ya kama, kuma takardar ba a raba ta da ƙwaron ko bayan ranmu, duk wanda ya zo bincike daga kowace ƙasa zai karanta. Na ƙara girman hoton da yatsa. Sunana ne a farko, nata na biye.

Na ce, "Hajara, ai aikinki ne."

Ta ce, "Kai ka fara ganinsa, Baba. Haka dokar take."

Na kashe wayar na zauna a shago. Wani ya zo sayen taki ya yi sallama har sau nawa ban ji ba, sai da ya taɓa ni ya ce, "Malam Bala, lafiya?" Na ce lafiya lau, wani abu ne ya faɗa mini a ido.